Yadda Matafiyi Zai Tara Makin Jirgin Sama da na Otal, Ya Kuma Ci Moriyarsa

Duk wanda ya saba tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ya san irin mutanen da ke cika layin awon kaya: 'yan kasuwar Kantin Kwari da Sabon Gari masu zuwa Guangzhou ko Dubai sau uku ko huɗu a shekara, masu zuwa Umara duk azumi, ɗalibai masu karatu a Alƙahira, da iyalan da ke kai marar lafiya asibiti a Masar ko Indiya. Abin da ke damuna shi ne, da yawa daga cikin waɗannan mutane sun shafe shekaru suna biyan kuɗin tikiti mai tsada, amma ba su taɓa karɓar ragin da kamfanin jirgin ya ware wa masu yawan tafiya ba, saboda kawai ba wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani. Wannan ragi shi ne makin da kamfanonin jiragen sama ke kira mil, da kuma makin da manyan otal-otal ke bai wa wanda ya kwana a wurinsu.

Tsarin ya samo asali ne daga Amurka, inda kamfanin American Airlines ya ƙaddamar da shirinsa na AAdvantage a 1981, sauran kamfanoni kuma suka bi sahu. Ma'anarsa ba ta da wuyar fahimta. Kamfani yana buɗe maka asusu kyauta, duk lokacin da ka hau jirginsa sai ya zuba maka maki gwargwadon nisan tafiyar ko gwargwadon kuɗin da ka biya, idan makin ya taru sai ka musanya shi da tikiti, ko ƙarin nauyin kaya, ko sauyin kujera zuwa ɓangaren manya. Sai dai yawancin shawarwarin da ake karantawa a intanet kan wannan batu an rubuta su ne domin Amurkawa, waɗanda ke samun kaso mai yawa na makinsu daga katunan bashi na bankuna. Irin waɗannan katuna ba su yaɗu a wajenmu ba, kuma mutanenmu da dama suna guje musu saboda kuɗin ruwa. Saboda haka hanyar da ta rage mana ita ce ta asali, wato tafiyar da mutum zai yi ko da babu maki, da ɗakin da zai kwana ko da babu lada.

Zaɓen shiri guda

Kuskure na farko shi ne buɗe asusu a kowane kamfani. Mutum zai wayi gari yana da mil dubu huɗu a nan, dubu shida a can, dubu uku a wani wuri, kuma babu ɗaya daga cikinsu da zai sayi ko da tikitin zuwa kaɗai. Abin da ke magance wannan shi ne sanin cewa manyan kamfanonin jiragen duniya sun kasu cikin ƙawance uku. Star Alliance, wanda aka kafa a 1997, ya haɗa Ethiopian Airlines da EgyptAir da Turkish Airlines da Lufthansa. Ƙawancen oneworld na 1999 yana da Qatar Airways da British Airways da Royal Air Maroc. SkyTeam kuwa, wanda ya zo a 2000, shi ne gidan Saudia da Kenya Airways da Air France da KLM. Kamfanin Emirates ba ya cikin ko ɗaya daga cikinsu, yana da abokan hulɗarsa na kansa.

Amfanin wannan rabe-rabe shi ne, lambar asusu ɗaya tana aiki a duk kamfanonin da ke ƙawance ɗaya. Idan kana da asusun ShebaMiles na Ethiopian, ka hau EgyptAir zuwa Alƙahira ko Turkish zuwa Istanbul, za ka iya ba da lambarka ta ShebaMiles, makin ya shiga can. Haka kuma mai asusun AlFursan na Saudia zai iya tara maki a jirgin Kenya Airways. Don haka kafin ka buɗe komai, ɗauko fasfonka ka duba hatiman shige da fice na shekara biyu da suka wuce, ka tambayi kanka jirgin wane kamfani ne ya fi ɗaukarka. Ɗan kasuwar da ke bi ta Addis Ababa zuwa Guangzhou, Star Alliance ne nasa, haka ma mutumin Yamai da ke hawa Ethiopian ko Turkish. Wanda tafiyarsa ba ta wuce Jidda da Madina a jirgin Saudia, AlFursan ya fi dacewa da shi. Wanda ke bi ta Doha, tun da Qatar Airways ya fara sauka a Kano a 2022, sai ya duba shirinsa na Privilege Club, wanda shi ma a 2022 ya koma amfani da makin Avios, irin wanda British Airways da Iberia ke amfani da shi, har ana iya kai makin daga asusun wannan kamfani zuwa na wancan.

A ganina asusu ɗaya babba ya isa, sai ɗaya na biyu a wani ƙawancen domin ranar da dole ta sa ka sauya jirgi. Abin da ba zan taɓa ba da shawara a kai ba shi ne mutum ya sayi tikiti mai tsada ya bar mai sauƙi don neman maki, domin da wuya makin da za a ba ka ya kai darajar bambancin kuɗin.

Buɗe asusun da shigar da lamba

Ana buɗe asusun a shafin kamfanin ko a manhajarsa ta waya, kuma ba a biyan ko sisi. Wurin da mutanenmu ke yawan samun matsala shi ne suna. Dole sunan da ke asusun ya zama daidai da na fasfo, harafi da harafi. Idan fasfo ya ce Muhammad, asusu ya ce Mohammed, ko kuma aka sa sunan mahaifi a gurbin sunan yanka, na'ura za ta iya ƙin haɗa tafiyar da asusun, makin ya maƙale. Kada a sa Alhaji ko Hajiya a cikin sunan. A yi amfani da adireshin imel da lambar waya na mai asusun kansa, ba na ejan ba, ba na yaron shago ba.

Wannan ya kawo ni ga batun ejan. Yawancinmu ba mu sayen tikiti da kanmu, muna kiran ejan ne a waya mu ce ya yanka mana, mu tura kuɗi. Babu laifi a wannan, tikitin da ejan ya yanka yana samun maki kamar kowane, matuƙar an shigar da lambar. Amma ejan ba zai shigar ba sai ka ba shi, kuma ko ka ba shi yana iya mantawa. Na taɓa yin tafiya biyu a jere ina zaton lambata tana cikin tikitin, sai bayan watanni na duba na tarar babu abin da ya shiga, lokacin neman gyara kuma ya riga ya wuce. Tun daga ranar nake duba abu ɗaya a wurin awon kaya: idan aka miƙo mini katin shiga jirgi, sai na nemi lambar asusuna a jikinsa. Idan babu, nan take nake nuna wa ma'aikacin lambar a wayata ya shigar ya sake buga katin, abin da ba ya ɗaukar minti biyu.

Ko da an shigar, kada ka yar da katin shiga jirgin da takardar tikitin sai ka ga makin ya sauka, wanda yakan ɗauki 'yan kwanaki, ya fi haka jinkiri idan jirgin abokin ƙawance ka hau. Idan bai shiga ba, kowane shiri yana da wurin neman makin da ya ɓace, inda za a tambaye ka lambar tikitin mai alƙaluma 13 da ranar tafiya. Wa'adin yin wannan ya bambanta, amma yawanci watanni ne ƙididdigaggu, don haka a yi da wuri. Kuma a sani cewa makin na wanda ya zauna a kujera ne, ba na wanda ya biya kuɗi ba. Idan maigida ya saya wa matarsa da 'ya'yansa tikiti, ba zai iya sa lambarsa a nasu ba. Abin da zai yi shi ne ya buɗe wa kowa asusunsa, sannan ya duba ko shirin yana ba da damar haɗa makin iyali wuri guda, kamar yadda Emirates ke yi a tsarinsa na My Family mai ɗaukar mutum takwas.

Dalilin da ya sa mutum biyu a jirgi ɗaya ke samun maki daban

A jikin kowane tikiti akwai harafi guda da ke nuna ajin farashinsa. Harafin Y yakan nuna cikakken farashin kujerar gama-gari, J ko C na ɓangaren manya da ake kira na 'yan kasuwa, sauran haruffan kuma matakan rangwame ne. A kamfanonin da ke lissafi da nisa, wannan harafi ne ke yanke yawan abin da za ka samu. Daga Kano zuwa Addis Ababa akwai mil dubu biyu da ɗan ɗoriya, daga Addis Ababa zuwa Guangzhou kuma wajen mil dubu biyar, wato zuwa da dawowa ya kama kimanin mil 14,000. Wanda tikitinsa ke ba da cikakken lada zai sami kusan wannan adadi, wanda ya yanki mai rangwame sosai zai iya tashi da rabi ko rubu'i, wani ajin ma ba ya ba da komai. Kowane shiri yana wallafa jadawalin waɗannan haruffa a shafinsa, kuma idan ejan ya kawo maka farashi biyu masu kusa da juna, ya dace ka tambaye shi harafin kowanne kafin ka zaɓa.

Wasu kamfanonin sun bar lissafin nisa sun koma lissafin kuɗi. Shirin Flying Blue na Air France da KLM, tun 2018, yana bai wa sabon mamba mil 4 a kan kowane yuro da ya biya, ban da harajin gwamnati. A irin wannan tsari, doguwar tafiya mai arha ba ta kawo abin kirki.

Alhazai su lura cewa jiragen shata da ke jigilar aikin Hajji ta hannun hukumar alhazai ba sa cikin wannan lissafi a mafi yawan lokuta, haka ma tikitin rukuni da wasu kamfanonin Umara ke saye a dunƙule. Idan kana son Umararka ta kawo maki, tambayi mai shirya tafiyar tun kafin ka biya ko tikitin na jirgin da ke tashi bisa jadawali ne, kuma a wane aji aka yanke shi.

Matsayi ya fi tikitin kyauta ga mai kaya

Akwai lissafi iri biyu a kowane asusu, kuma ana yawan cakuɗa su. Na farko shi ne makin kashewa. Na biyu shi ne makin matsayi, wanda ba a sayen komai da shi, sai dai yana ɗaga mutum daga mataki zuwa mataki idan ya yi tafiya mai yawa cikin shekara guda. ShebaMiles da Skywards na Emirates duka suna da matakai huɗu, daga Blue zuwa Silver zuwa Gold zuwa Platinum. Ga ɗan kasuwa, wannan ɓangare ne ya fi muhimmanci nesa ba kusa ba. Wanda ya kai matakin Gold na Star Alliance yana samun ƙarin jaka ɗaya ko kilo 20 a yawancin tikitoci, yana bin layin awo na musamman, jakarsa tana cikin na farkon fitowa, sannan yana shiga ɗakin hutun manyan fasinjoji. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin ƙarin kaya a Guangzhou, ko ya kwana a kan kujerar ƙarfe yana jiran jirgin safe, ya san darajar waɗannan abubuwa. Ana sabunta matsayin ne lokaci-lokaci, don haka idan ƙarshen wa'adinka ya gabato kuma saura kaɗan ka kai, yana da kyau ka tsara tafiyar da dama za ka yi ta faɗo kafin ranar.

Makin otal

Manyan rukunonin otal suna da irin wannan tsari, kuma a nan masu zuwa Makka da Madina suna da babbar dama. Otal-otal da dama da ke cikin ginin agogo na Abraj Al Bait, kamar Fairmont da Swissôtel da Pullman Zamzam da Mövenpick, duk na rukunin Accor ne, mai shirin ALL. A unguwar Jabal Omar akwai Hilton da Conrad, waɗanda ke ƙarƙashin Hilton Honors, akwai kuma Marriott mai shirin Bonvoy. A gida, Transcorp Hilton na Abuja yana cikin Hilton Honors, otal-otal ɗin Protea suna cikin Bonvoy tun bayan da Marriott ya sayi kamfanin a 2014, Radisson Blu na Yamai kuma yana da Radisson Rewards.

Na fi son tsarin Accor ga mai farawa saboda lissafinsa a fili yake: maki 2,000 daidai yake da ragin yuro 40 a kuɗin ɗaki. A yawancin otal-otal ɗinsa ana ba sabon mamba maki 25 a kan kowane yuro 10, wato idan ka kashe yuro 800 ka sami ragin yuro 40, kashi biyar cikin ɗari ke nan. Marriott da Hilton suna ba da maki 10 a kan kowace dala a yawancin otal-otal ɗinsu, amma yawan makin da ɗaki ke ci yana hawa da sauka gwargwadon cunkoso. Marriott yana da wata garaɓasa mai amfani ga mai Umara: idan ka biya kwana biyar a jere da maki, kwana huɗu kawai za a caje ka. Hilton ma yana yin haka ga wanda ya kai matakin Silver ko sama, kuma yana barin mutum ya haɗa makinsa da na wasu mutum goma ba tare da biyan kuɗi ba.

Sharaɗin da ke kayar da mutane shi ne hanyar kama ɗakin. Sai ka kama kai tsaye ta shafin otal ɗin, ko manhajarsa, ko teburin karɓar baƙi, sannan za a ba ka maki. Ɗakin da aka kama ta shafukan dillalai irin su Booking.com, ko wanda ya zo cikin kuɗin Umara na dunƙule, galibi ba ya samun komai. Wani lokaci farashin dillalin ya fi sauƙi ƙwarai, musamman a Makka inda kamfanoni ke kama ɗakuna da yawa tun da wuri, kuma a irin wannan hali sai ka ɗauki mai sauƙin ka haƙura da makin, domin ragin kashi biyar ba zai rufe bambancin kashi ashirin ba.

Ana iya mayar da makin otal ya zama mil na jirgi, amma da asara. Marriott yana ba da mil ɗaya a kan maki uku, da ƙarin mil 5,000 a yawancin kamfanoni idan ka tura maki 60,000 a lokaci guda, wato ka tashi da mil 25,000. Ban ga hikimar yin haka ba sai idan 'yan dubbai kaɗan suka rage maka ka cika tikitin da ka riga ka gani.

Kashe makin

Tikitin maki ba kyauta ba ne gaba ɗaya. Za ka biya harajin filayen jirgi da kuɗinka, wasu kamfanonin kuma suna ɗora nasu ƙarin, wanda kan yi nauyi har ya cinye rabin amfanin. Kafin ka danna amincewa, yi wannan ɗan lissafi. A ɗauka, a matsayin misali, tikitin yana dala 600 idan za a saya da kuɗi, da maki kuma yana cin mil 40,000 da dala 200 na haraji. Abin da makin ya rage maka shi ne dala 400, wato kowane mil 100 ya tsaya a dala ɗaya. Idan wata tafiyar za ta rage maka dala 700 da wannan adadin makin, ita ce ta fi cancanta. Da wannan ma'auni za ka gane cewa sayen agogo ko turare da maki a kantin kamfanin jirgi yawanci shi ne mafi ƙarancin riba, yayin da sauya kujera zuwa ɓangaren 'yan kasuwa a doguwar tafiya, musamman ga tsoho ko marar lafiya da ke bukatar miƙe ƙafa, yakan fi kowanne.

Matsala ta biyu ita ce samun kujera. Kamfani yana ware kujeru kaɗan ne a kowane jirgi domin masu maki, kuma a lokacin da kowa ke son tafiya, kamar goman ƙarshe na Ramadan zuwa Jidda ko makonnin baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou a watan Afrilu da Oktoba, da wuya ka same su. Kamfanoni sukan buɗe sayar da kujeru kimanin wata goma sha ɗaya kafin ranar tashi, kuma wanda ya nema tun a lokacin ya fi samun sa'a. Wanda zai iya matsar da tafiyarsa da kwana biyu ko uku, ko ya yi Umararsa a watan Safar ko Rabi'ul Awwal lokacin da cunkoso ya ragu, shi ne tsarin ya fi yi wa aiki. Ka tuna kuma cewa makinka yana sayen kujera a jiragen abokan ƙawance, don haka idan babu wuri ta Addis Ababa, nemi ta Alƙahira ko Istanbul. Yawancin shirye-shiryen suna barin mutum ya yanka wa wani tikiti daga asusunsa, kuma ban san wata hanyar kashe mil da ta fi kai mahaifiya Umara ba.

Kada ka adana maki kamar yadda ake adana zinare. Kamfani ne ke da ikon sauya farashin a duk lokacin da ya ga dama, kuma bisa al'ada sauyin ƙari ne. Sannan makin yana mutuwa. Na Skywards da na Miles&Smiles na Turkish suna ƙarewa bayan kimanin shekara uku da samunsu. Marriott da Hilton suna share makin asusun da ya yi wata 24 babu motsi, Accor kuma shekara guda kawai yake jira. Hanya ma tana iya rufewa: Emirates ya dakatar da zuwa Nijeriya a 2022, bai dawo Legas ba sai 1 ga Oktoba 2024, kuma duk wanda ya tara makinsa a can yana jiran ranar da ta dace ya sha wahalar amfani da shi a tsakanin. Da zarar abin da ka tara ya isa tafiyar da kake bukata, kashe shi.

Saura batun tsaro. Za ka iya cin karo da masu tallan tikiti mai arha a WhatsApp, suna cewa da mil suke yanka. Sayar da maki ya saɓa wa ƙa'idar kusan dukkan waɗannan shirye-shirye, wasu daga cikin irin waɗannan tikitoci kuma daga asusun da aka yi wa kutse ake fitar da su, kuma idan kamfani ya gano yana soke tikitin ko da fasinja ya riga ya iso filin jirgi da kayansa. Kai ma kada ka bai wa kowa kalmar sirrin asusunka, ejan lambar mamba kawai yake bukata. Kada kuma ka ɗora hoton katin shiga jirginka a Facebook ko a matsayin WhatsApp, domin sunanka da lambar ajiyar kujerarka suna jikinsa, kuma da su kaɗai wani zai iya buɗe bayanan tafiyarka a shafin kamfanin ya taɓa tikitin dawowarka.